Baƙo a Rumbun Dabo

A Ɗinya Uku, wani ƙauye da ke gabas da Zakirai kaɗan, ba a tambayar mutum abin da ya noma bana. Rumbunsa ake kallo. Gonakin garin manne suke da juna, iyakar wannan ita ce ta wancan, in ka yi tuntuɓe a gonarka daga tasa maƙwabci zai ce maka sannu. Saboda haka ba abin da ke ɓoyuwa. A shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan, babu wanda bai san cewa geron Malam Dabo yana jibge a waje ba, babban rumbunsa kuwa an ba wa waya masauki.

Waya fa, ta jan ƙarfe, wadda aka nannaɗe a jikin wani katako mai kusurwa huɗu, da wani ɗan akwati da batir. 'Yarsa Sa'adiyya ce ta zo da su. Tana digiri na biyu ne a fannin kimiyya a jami'ar da ke wajen Rijiyar Zaki, da aka rufe makaranta sai ta tattaro kayan aikinta a kwali ta dawo gida. Sunan mahaifiyar Dabo ta ci, don haka shi da yayansa Badaru ba sa kiran sunanta, Uwata suke ce mata. Kuma duk wanda ya san Dabo ya san Uwata ba ta roƙonsa abu sau biyu.

Abin da ta roƙa shi ne wurin da za ta ajiye na'urar: wuri mai sanyi, wanda ba rufin kwano, ba ɓera, ba ya kusa da wayar lantarki. A birni, in ji ta, hayaniyar injuna da janareto ba ta barin na'urar ta ji komai. Aka duba ɗakunan gidan, duk kwano ne. Sai idonta ya sauka kan rumbun ƙasar nan da kakanta ya gina, yana zaune bisa duwatsunsa da jinkarsa kamar dattijo da malafa. Farkon damina ne, an cinye na bara, ba komai a ciki sai ƙaiƙayi.

"Naki ne, Uwata," in ji Dabo, a gaban mutane kuwa. "Naki ne har a yanke dawa."

To, yaron goye ma ya san gero yana riga dawa shigowa gida da makonni. Dabo bai manta ba. Ya dai ɗauka, kamar yadda kowa ya ɗauka, cewa yajin aikin wata ɗaya ne ko biyu, kafin gero ya fitar da kai ta koma makarantarta. Sai gero ya yi kai, ya nuna, aka girbe, aka ɗaure, malamai ba su koma ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Wata rana da hantsi, lokacin ana tsakiyar noma na biyu, ya same ta zaune a inuwar rumbun da kwamfuta a cinya, wata siririyar waya ta fito daga ƙarƙashin jinka ta shiga jikinta. Ya tsuguna ya leƙa. Wani layi ne kawai yake tafiya a hankali.

"Wai me take ji ne, wannan abar?"

Ta ce akwai wata tasha can nesa a gabas, mai aika saƙo ga jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku. Saƙon ba ya tahowa kai tsaye. Can sama ƙwarai, sama da inda gajimare yake, akwai wata irin iska da ta yi wa duniya rufi, saƙon yana bugun rufin ne ya dawo ƙasa, har ya iso nan. In rana ta yi wani ɓarin wuta, rufin yakan motsa, layin nan ya motsa tare da shi. Aikin da malamarta ta ba ta ke nan: ta tattara motsin kullum, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, domin yinin da aka katse ba ya shiga lissafi.

"Wannan shi ne aikin da aka ba ni, Baba," ta ce, tana murmushi. "Amma akwai wanda nake so a raina."

"Ina jin ki."

"Akwai taurari manya-manya, waɗanda ranar nan tamu ba ta kai ƙurarsu ba. In ajalin irinsu ya zo, cikinsu ne yake ruftawa. Wasu daga ciki, a wannan lokacin, sai su feso wuta ta kai da gindi, siririya, mai gudun da ya kusa na haske. Ka tuna ban ruwa a fadama? In ka saki bakin tiyo, ruwan a gabanka yake zuba. In ka danne bakin da babban yatsa fa?"

"Sai ya tsallake kunya biyar," in ji Dabo.

"To haka. Yawancinsu wani wajen suke fuskanta, ba ma sanin an yi. Sai wanda bakin tiyonsa ya saito mu. Shi ma taurarin ɗan'adam ne ke gani, daga sama. Amma in ya yi ƙarfi sosai, yana iya girgiza rufin nan, har wayata ta ji. Abin da masana ke son sani shi ne, ƙarfin da muke gani, nawa ne na yawan wutar, nawa ne na matse bakin."

Dabo ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Ashe irin faɗan Yaya Badaru ne. Ba yawansa ba, a kan mutum ɗaya yake juye shi."

Ta yi dariya har kwamfutar ta kusa zamewa. Ya tambaye ta ko irin wannan mai ƙarfin yana yawan zuwa. Ta ce a'a, mutum yana iya ƙare rayuwarsa bai ci karo da shi ba. A ransa ya ji tausayinta. Ya san mene ne shuka a busasshiyar ƙasa kana kallon gabas.

Shi Badaru, babban wa ne na gaske, irin wanda in ya yi gyaran murya a zaure kajin gida ma sukan natsu. Ba mugu ba ne. Shi ya riƙe Dabo bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, kuma bai taɓa barin a manta da hakan ba. Da gero ya kwana biyu a waje ya yi shiru. Da ya yi mako biyu, gara ta fara lasar dammunan ƙasa, awaki suka gano hanya, sai majalisar ƙofar masallaci ta samu abin taunawa. Wani ya ce bana gidan Dabo tuwon waya za a ci. Wani ya ce ai miyar batir ta fi ta kuka. Dabo yana ji, yana dariyar yaƙe, ya dawo gida ya ƙara ɗora dammunan bisa itace ya rufe da tsofaffin buhuna. Abin yana cin sa ƙwarai. Shekara talatin yana noma ba a taɓa nuna shi da baki ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Badaru ya tare shi a gaban jama'a.

"Dabo, abincin shekara ba abin wasa ba ne. Damina ba ta yi sallama ba tukuna, ruwa ɗaya ya isa ya mai da geron nan tsiro. Jibi Lahadi na kira gayya. A fitar da tarkacen 'yar nan taka, a zuba hatsi."

'Yar nan taka. Ba Uwata ba. Wannan ta fi komai yi wa Dabo zafi. Amma ƙane ba ya musu da wa a gaban mutane, kuma gaskiyar magana Badaru bai yi ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Sa'adiyya ba ta yi gardama ba da ya gaya mata. Ta ce, "Baffa ya yi gaskiya, Baba. Na samu abin da zan rubuta. Lahadi da sassafe zan cire." Ta faɗa da fara'a, irin fara'ar da uba yake gane ta aro ce.

"Kin ce yinin da aka katse ba ya shiga lissafi."

"Ba komai."

"Na ce har a yanke dawa, ban cika ba. To ko yinin Lahadin nan sai ya cika. Kada ki taɓa komai sai rana ta faɗi."

"Baffa fa?"

"Bar ni da Yaya."

Lahadi da hantsi 'yan gayya suka iso, majiya ƙarfi sun fi ashirin, da amalanke da jakuna, Badaru a gaba da sandarsa. Nan da nan aka kwaso dammunan da suka rage a gona aka haɗa da na ƙofar gida. Badaru ya nuna rumbu ya ce a ɗaga jinka a fito da wayar.

A Ɗinya Uku akwai wata al'ada tun ta kakanni: ba wanda ke jefa damin farko a rumbun wani. Mai rumbu ne zai hau tsani da kansa, ya yi bisimilla, ya saka da hannunsa, sannan kowa ya sa hannu. Ko sarki ne ya zo taya ka, sai ya jira. A kan wannan Dabo ya kwana yana dogara.

"Yaya," ya ce cikin ladabi, "a bari a fitar da haƙƙin Allah tukuna, kafin a taɓa rumbu."

Wa zai ce a'a? Aka tsaya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. Aikin da a kan gama kafin a sha fura, ranar sai ya zama shari'a. Dabo ya ɗaga wannan damin ya ce gara ta taɓa shi, ba a ba Allah abin da kai ma ba ka so. Ya ɗaga wancan ya ce ya cika ƙanƙanta. Ya kai tsakiya ya ce lissafi ya ɓace masa, a sake daga farko. Da aka gama ya ce ganyen darbejiyar da za a shimfiɗa saboda ƙwari bai isa ba, kuma na bishiyar bakin fadama ya fi ɗaci, a je can. Da aka kawo ya ce toka fa? Da aka kawo toka, sai ga matarsa Maijidda ta aiko da tuwo da fura, don ita ma an gaya mata nata aikin, kuma ba a barin abincin gayya ya huce.

Badaru ba yaro ba ne. Tun wajen lissafi na biyu ya gane. Ya matso kusa ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni kake yi wa wayo, Dabo?"

"Wane ni, Yaya."

"Bayan Azahar za ka hau tsanin nan, ko in ɗora ka da hannuna."

Ladan ya kira salla. Aka yi alwala aka ɗunguma masallaci gaba ɗaya. Muntaka mai cajin waya, wanda shi kaɗai ke da janareto a garin, ya kashe shi kamar yadda ya saba a kowace salla, ya bi sahu. Garin ya yi tsit, sai kukan kurciya. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Dabo ya yi sallarsa zuciyarsa a cunkushe, dabara ta ƙare masa. Bayan sallama ya zauna ya yi ta jan addu'a, har liman ya waiwayo ya dube shi.

Da suka dawo suka tarar da Sa'adiyya a tsaye a gindin rumbu, kwamfuta a hannu, mayafinta ya zame ba ta ma sani ba.

"Baba, Muntaka ya tada janareto yanzu?"

"Muntaka kafaɗarsa na jikin tawa a sahu."

"Babur fa? Ko injin niƙa?"

"Uwata, duk namijin garin nan yana masallaci."

Ta juyo masa da kwamfutar. Layin nan da ya saba gani yana tafiya kamar tsohuwar jaka, ya zo wani wuri ya yi tsalle farat ɗaya, sannan ya riƙa komawa a hankali. Ta ɗaga kai ta dubi sama ko walƙiya ce, ba hadari. Ta ruga gindin ɗinyar tsakiya, inda nan ne kawai wayar salula ke samun sabis, ta duba ko masu lura da rana sun ba da labarin wani ɓarin wuta. Ta dawo tana haki. Rana lafiya lau take.

"To mene ne?" in ji Dabo.

Ta buɗe baki ta rufe. Ya ga abin da take so ta faɗa, ya kuma ga tana tsoron faɗarsa.

"Ban sani ba, Baba."

Badaru ya buga sandarsa a ƙasa. "Kun ji ko? Damina guda tana sauraro, an bar hatsi a rana, ƙarshenta ba ta sani ba." Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya dariya ce.

Duk da haka Dabo bai hau tsani ba. Ya ce cikinsa ya murɗa, ya shige bayan gida ya daɗe. Wannan kam ko shi bai yi alfahari da ita ba. Haka aka kai La'asar ana zaman jiransa. Ana idar da salla iska ta juya, aka duba gabas, sai ga hadari ya taso baƙi ƙirin, irin na bankwanan damina wanda ba ya sallama.

Sa'adiyya ce ta fara kaiwa tsani. "Baba, ya isa! In akwai abin da zan samu, na riga na samu." Aka ɗaga jinka, ta miƙo katakon da akwatin, aka share, aka watsa toka da ganye a gurguje. Dabo ya hau, ya yi bisimilla, ya jefa damin farko. Daga nan ba ka ganin komai sai dammuna suna tashi hannu zuwa hannu. Badaru da kansa ya yar da sanda ya shiga layi, yana aiki yana faɗa. Ana mai da jinka ruwa ya ɓarke. Dammuna bakwai ko takwas ba su samu shiga ba, suka sha duka kafin a ja su zaure.

A cikin zauren, kowa a jiƙe, Badaru ya dubi ƙanensa ya ce, "Saura ƙiris ka sa iyalinka bara saboda layi ya yi tsalle. Da Inna tana da rai, da ka ji kunyarta yau."

Washegari Dabo ya warware jiƙaƙƙun dammunan ya baza zangarniyar a rana a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani. Kunya ta ishe shi, har salla ya riƙa makara da gangan don kada ya zauna a majalisa.

Ranar Talata da safe yana juya zangarniyar nan, sai ya hango Sa'adiyya ta taho a guje daga wajen ɗinya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Gabansa ya faɗi, ya ɗauka rasuwa aka yi.

"Baba! Shi ne! Wallahi shi ne!"

Da ƙyar ya sa ta zauna. Ta ce taurarin ɗan'adam sun ga wata fashewa ranar Lahadi, mai ƙarfin da har ya dallashe wasu na'urorinsu, masana suna cewa ba su taɓa auna irinta ba. Ta aika wa malamarta, Dakta Ramlat, abin da na'urarta ta ɗauka. Malamar ta gwada lokacin da nasu, ya zo daidai da tsallen layin nan.

"Mai bakin tiyon?" in ji Dabo.

"Shi, Baba. Ya saito mu."

Ya zauna daɓas a kan zangarniya. Ya ce Allahu akbar, ya sake cewa, sannan ya rufe fuska da hannu biyu don kada 'yarsa ta ga abin da ke fitowa.

Kafin mako ya zagayo Dakta Ramlat ta zo da kanta, ita da wani abokin aikinta, motarsu ta yi kaca-kaca da laka. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin rumbu, garin kuwa ya taru kamar ana raɗin suna. Mace ce mai sauƙin kai. Ta gaida dattawa har ƙasa, ta sha fura, sannan ta ce tana da tambaya ɗaya da aikin ba zai tsaya ba sai da amsarta: wa zai tabbatar cewa a lokacin ba wani inji da ke aiki kusa?

Ai kuwa ta samu shaidu fiye da buƙata. Muntaka ya miƙe ya ce shi tunda ya sayi janareto bai taɓa barinsa a kunne ana salla ba, a tambayi liman. Liman ya ce haka ne. Mai injin niƙa ya ce yana sahu na biyu. Masu tuwon waya da miyar batir su ne a gaba wajen rantsuwa. Can sai aka ji gyaran murya.

"Ni ne a bayan liman," in ji Badaru. "Ba abin da ya motsa a garin nan. Ki rubuta Badaru ya faɗa."

Dakta ta yi godiya. Ta ce akwai masu irin wannan na'ura a wasu ƙasashe da suka kama girgizar, amma ita dai ba ta ji wani a nan kusa da ya kama ba. Daga yadda rufin sama ya motsa, Sa'adiyya za ta iya ƙiyasta ƙarfin da ya iso duniya, a gwada da abin da taurarin ɗan'adam suka auna. Ta ce in da wutar ta bazu ko'ina ne da irin ƙarfin da aka gani, to a cikin 'yan mintoci tauraron ya fitar da abin da ya ninka, sau dubbai, duk wanda rana za ta fitar a tsawon rayuwarta. Amma da alama bakin ya matsu ƙwarai, kuma aikin da ke gaban masana yanzu shi ne raba ƙarfin gaske da na matsi.

"Ranki ya daɗe," in ji Dabo, "daga ina ya taso?"

"Daga nesa, Baba. Haskensa ya yi shekara wajen biliyan biyu a hanya."

Wani tsoho ya ce la'ilaha illallahu.

"A'a, ina nufin ta wace fuska ya shigo mana?"

Ta tambayi Sa'adiyya, suka duba kwamfuta, sannan Sa'adiyya ta ɗaga hannu ta nuna sama, ta saitin ɗinyoyin. Gabas ne, kusan inda masallacin garin yake kallo.

Dabo ya bi hannun da ido. Wato suna tsaye a sahu suna fuskantarsa ya iso, ba wanda ya ji ko ɗuriyarsa. Ya tuna lissafin zakkar da ya ɓatar da gangan, da ganyen bakin fadama, da tuwon Maijidda. Baƙo ya yi irin wannan tafiya, da ya ce to da hantsin nan ya hau tsani, da ya iso ya tarar ba kowa a gida. Farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya juya ya dubi yayansa, ya daɗe yana dubansa, kuma rabon da ya yi wa Badaru irin wannan kallo tun suna yara.

Badaru ya kau da kai ya ce furar ta yi tsami.

Ba da daɗewa ba aka janye yajin aiki, Sa'adiyya ta koma makaranta. Aka yanke dawa, aka cire gyaɗa, gonaki suka zama fili. Wata safiya Dabo ya fito ya tarar da yayansa a bayan gida yana auna ƙasa da sanda, ga jakuna suna sauke jar ƙasa.

"Yaya, lafiya?"

"Gayya na kira. In wani baƙon ya sake zuwa, a zaure za mu ajiye shi? Ko so kake baɗi ma ka bar hatsi a waje kana ciwon cikin ƙarya?"

Rumbu ba a gina shi rana ɗaya, sai an ɗora an bari ya sha iska a sake ɗorawa. Badaru ya tsaya a kansa har ya kammala, ya hana a sa ko ƙusa ɗaya, don an ce na'urar ba ta son ƙarfe. Jinkar ma shi ya zaɓi ciyawarta.

Ranar da Sa'adiyya ta zo hutun ƙarshen mako da na'urar a kwali, rabin gari ya biyo ta. Aka jingina tsani. Muntaka, da yake yanzu yana ganin shi ma ɗan kimiyya ne, ya sunkuci katakon wayar ya sa ƙafa a matakin farko.

"Kai, Muntaka!" Badaru ya daka masa tsawa. "Rumbun ubanka ne? Sauko!"

Ya karɓi katakon da hannu biyu, ya juya yana neman ta a cikin mata.

"Uwata," ya ce, "zo ki hau. Mai rumbu ke sa na farko."

Ta fito tana gyara mayafi, idonta ya ciko. Dabo ya riƙe tsanin ta dama, Badaru ta hagu. Ta hau a hankali, ta tsaya a bakin rumbun, ta yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta saka wayar da hannunta. Mata suka rangaɗa guɗa. Dabo yana so ya share fuskarsa, amma hannayensa biyu suna kan tsani, don haka ya bar hawayen suka gangara cikin gemunsa a gaban kowa.